Curt Flood da Turken 'Yan Wasa



 

Na san akwai waɗanda suka ga taken laccar nan suka ce a ransu, ina ruwan biri da gada? Besbol ba wasanmu ba ne. Ba ma buga shi a filin unguwa, ba a kuma nuna shi a gidajen kallon ƙwallo. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya taɓa zama a majalisa ana musun ƙwallon ƙafa, ya ji an ce ai kwantiragin wane ya ƙare, inda ya ga dama zai tafi, kulob ɗinsa ko kwabo ba zai samu ba, to ya riga ya riƙe bakin zaren maganata. Yau abin ya zama ruwan dare, har muna ganin kamar haka duniya take tun fil azal. An yi zamanin da ɗan wasa ba shi da bakin cewa a'a, kuma akwai waɗanda suka yi asarar sana'arsu kafin a zo inda ake. Labarin ɗaya daga cikinsu na kawo mana, wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Curt Flood.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ƙungiya biyu ce, kowacce da mutum tara. Mai jifa ya wurgo wata 'yar ƙwallo mai tauri, mai bugu ya make ta da gora, ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu. Abokan hamayya suna warwatse a fili suna ƙoƙarin cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Can nesa, a tsakiyar bayan fili, ake ajiye wanda ya fi kowa gudu da kaifin ido. Gurbin Flood ke nan, a ƙungiyar Cardinals ta birnin St. Louis, daga 1958 zuwa 1969. Shekara bakwai a jere, daga 1963, yana karɓar kyautar safar hannu ta zinariya da ake ba gwanayen tsaron fili. A kakar 1966 ko kuskure ɗaya bai yi ba wajen kama ƙwallo. Da shi Cardinals suka ɗauki babban kofin ƙasar a 1964 da 1967. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka ragon ɗan wasa ne da ya ga kasuwarsa ta mutu ya nemi rigima.

To, mece ce rigimar? A cikin takardar kwantiragin kowane ɗan wasa akwai wani sharaɗi da masu kulob suka ƙirƙiro tun 1879. Da farko mutum biyar kowane kulob ke keɓewa, kada wani kulob ya taɓa su. Sannu a hankali ya haɗe kowa da kowa. Sharaɗin ya ce in kwantiraginka ya ƙare, ba ku daidaita da kulob a kan sabon albashi ba, kulob na da ikon sabunta tsohon na shekara ɗaya, da dukkan sharuɗɗan da ke ciki. Ku lura da wayon. Cikin sharuɗɗan da aka sabunta har da shi kansa sharaɗin sabuntawar. Badi a sake, baɗin badaɗa a sake, har ƙarfinka ya ƙare. Ni turke nake kiransa, don ban ga abin da ya fi kama da shi ba. Ana iya tsawaita maka igiya, a zuba maka harawa mai kyau, amma mai turke ne kaɗai zai kwance ka, kuma in ya kwance, hannun wani mai turken zai miƙa ka. Zaɓinka biyu ne: ka karɓi abin da aka ba ka, ko ka bar sana'ar.

Amurka na da dokar hana babakere a kasuwanci tun 1890, wadda ta haramta wa 'yan kasuwa haɗa baki irin wannan. Sai dai a 1922 Kotun Ƙoli, ta bakin alƙali Oliver Wendell Holmes, ta ce besbol ba ciniki ba ne tsakanin jihohi, don haka dokar tarayya ba ta hau kansa ba. A 1953 wani ɗan wasa mai suna George Toolson ya sake gwadawa, kotun ta tsaya a kan bakanta. Wannan katanga ce Flood ya tarar.

Kafin mu je ga ranar da abin ya faru, ya kamata mu san wane ne mutumin, domin wanda bai san inda aka fito ba ba zai gane fushin ba. An haife shi a Houston a 1938, ya tashi a Oakland ta jihar Kalifoniya, inda wariyar launin fata ba ta fito fili kamar a kudu ba. Yana ɗan shekara 18 ƙungiyar Cincinnati ta ɗauke shi, ta tura shi ƙananan ƙungiyoyinta a kudancin ƙasar, Karolina ta Arewa a 1956, Jojiya a 1957. A can ya ga abin da bai taɓa gani ba. Abokan wasansa su shiga gidan abinci, shi ya jira a mota ko a ƙofar baya. 'Yan kallo su yini suna zaginsa. Ya taɓa ba da labarin yadda mai kula da kayan wasa ya sa sanda ya tsamo rigarsa daga cikin tulin wanki, don kada ta haɗu da ta fararen fata, aka kai ta can inda ake wa baƙaƙe wanki. A 1962 ya bi Jackie Robinson, wanda ya karya shingen launin fata a manyan ƙungiyoyin besbol a 1947, zuwa taron neman 'yancin baƙaƙe a Misisipi. A 1964, da kofi a hannunsa, ya kama hayar gida a garin Alamo na Kalifoniya, aka tare ƙofar gidan da bindiga da aka gane baƙar fata ne. Kotu ya je, ya kuma shiga gidan da iyalinsa. Mutum ne da ya saba a ce masa ga matsayinka, ya ce bai yarda ba.

Mai ƙungiyar Cardinals shi ne August Busch, attajirin kamfanin giya na Anheuser-Busch. Yana ji da Flood, yana ɗaukar 'yan wasansa kamar yaran gidansa. Irin wannan zama mun san shi: maigida mai kyauta, mai alheri, matuƙar dai yaro bai ɗaga kai ya tambayi haƙƙinsa ba. A wasan ƙarshe na neman kofin 1968 da ƙungiyar Detroit, wani ɗan wasa mai suna Jim Northrup ya buga ƙwallo tsakiyar fili, Flood ya yi kuskuren auna ta, ƙafarsa ta zame, ƙwallo ta wuce. Cardinals suka rasa kofin. Da aka zo maganar albashin 1969 aka yi ja-in-ja kafin a tsaya a kan dala 90,000. A watan Maris na shekarar Busch ya tara 'yan wasansa, ya gayyato 'yan jarida, ya wanke su tas a gaban kowa, yana zarginsu da kwaɗayi. Daga nan zumunci ya yi tsami.

Ranar 7 ga Oktoba 1969 Cardinals suka yi musayar 'yan wasa da ƙungiyar Phillies ta Filadelfiya. Suka ba da mutum huɗu, cikinsu har da Flood da Tim McCarver, suka karɓi uku, babbansu Dick Allen. Ba Busch ne ya kira Flood ba, ba kuma babban manajan ba. Wani jami'i ne na ƙasa da su ya buga masa waya. Shekara goma sha biyu a gari ɗaya, da gidansa, da shagon hotunansa, da abokansa, aka tattara su cikin 'yan mintoci. Filadelfiya ta yi masa tayin dala 100,000. Ya ce ba zai je ba.

Sai ya nufi Marvin Miller. Wannan mutum masanin tattalin arziki ne da ya yi aiki da ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, kafin 'yan wasan besbol su ɗauko shi ya shugabanci ƙungiyarsu a 1966. Lokacin da ya zo, mafi ƙarancin albashin ɗan wasa dala 6,000 ne a shekara. Miller bai yaudare shi ba. Ya gaya masa da wuya ya yi nasara, in ma ya yi ba lallai ya samu diyya ba, kuma ya sa a ransa cewa ya gama da besbol, ba koci, ba manaja, ba komai. Kamar yadda Miller ya riƙa ba da labari daga baya, tambaya ɗaya Flood ya yi: in an ci nasara, sauran 'yan wasa da masu zuwa a baya za su amfana? Aka ce masa za su amfana. Ya ce to ya ishe shi.

A watan Disamba ya bayyana gaban wakilan 'yan wasa a taronsu na Puerto Rico. Wani farar fata a cikinsu, Tom Haller, ya yi masa tambayar da ke zuciyar da yawa: wannan faɗan 'yan wasa ne, ko faɗan baƙaƙen fata? Flood ya amsa cewa abin da ya sha a matsayin baƙar fata ya sa ya fi saurin jin zafin zalunci, amma a matsayin ɗan wasa yake wannan ƙara. Suka amince baki ɗaya ƙungiya za ta biya kuɗin lauya. Ranar 24 ga Disamba 1969 ya aika wa kwamishinan besbol, Bowie Kuhn, gajeriyar wasiƙa, yana cewa bayan shekara goma sha biyu a manyan ƙungiyoyi, ba ya ganin kansa a matsayin kadarar da za a saya a sayar ba tare da an ji ta bakinsa ba. Kuhn ya amsa cewa ya yarda shi ɗan Adam ne ba kadara ba, amma bai ga abin da ya haɗa wannan da batun da ake ciki ba. A watan Janairu 1970 aka shigar da ƙara, lauyansa kuwa Arthur Goldberg, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli.

A nan nake so in ɗan daɗe. A wata hira ta talabijin, ɗan jarida Howard Cosell ya ce masa, mai karɓar dala 90,000 ai ba a kira shi bawa ba. Flood ya ce bawan da ake biya da kyau, bawa ne dai. Wannan magana ta jawo masa baƙin jini fiye da ƙarar kanta. Jaridu suka yi masa ca, wasiƙun zagi da barazana suka yi ta zuwa. Leburan da ke samun ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na albashinsa ya ji kamar an zage shi.

Kalmar bauta tana da nauyi, a wurinsu da wurinmu, kuma ba na son mu yi wasa da ita. Flood na da ikon ajiye gora ya kama wata sana'a, kakanninsa da aka yi gwanjonsu a kasuwannin kudancin Amurka ba su da wannan iko. Bambancin babba ne. Duk da haka ina ganin ya taɓo gaskiyar da masu sukarsa suka kauce wa. Tambayar nawa ake biyanka daban, tambayar wa ke da iko da kai daban. In aka amsa ta farko da kyau, sai a ɗauka an rufe bakin ta biyu. Mu ma muna yi. Sau nawa muka ji an ce, me yake nema kuma, ba ina ciyar da shi ba, ba ni na yi masa aure ba? Alheri abu ne mai kyau, Allah ya saka wa masu yin sa. Amma ranar da alheri ya zama dalilin da zai hana a tambayi mutum ra'ayinsa a kan inda zai zauna da wanda zai yi wa aiki, ya tashi daga alheri ya koma igiya. Abin da Flood ya nema shi ne a tambaye shi. Da kuɗi yake so, ga dala 100,000 a Filadelfiya tana jiransa.

Masu kulob ma suna da hujjarsu, kuma adalci ne mu saurare ta. Sun ce in aka kwance kowa, ƙungiyoyin manyan birane za su kwashe gwanaye, ƙananan su mutu, gasa ta lalace. Sun ce su ke kashe kuɗi wajen renon yaro tun yana ɗanye. Maganar reno gaskiya ce, shi ya sa har gobe ake ba kulob wasu shekaru kafin ɗan wasa ya samu 'yancinsa. Amma maganar daidaito tarihi bai goyi bayanta ba. A zamanin da turke ke da ƙarfinsa ne ƙungiyar Yankees ta New York ta ɗauki kofi sau biyar a jere, daga 1949 zuwa 1953. Bayan an kwance shi kuwa, daga 1978 zuwa 1987, ƙungiyoyi goma daban-daban ne suka ɗauki kofin cikin shekara goma.

An yi shari'ar a New York a watannin Mayu da Yuni na 1970. Jackie Robinson ya zo ya ba da shaida, gashi ya yi fari, ciwon sukari ya ci ƙarfinsa. Hank Greenberg, tsohon gwani, ya zo. Bill Veeck, wanda shi kansa ya taɓa mallakar kulob, ya zo. Amma a cikin 'yan wasan da ke bugawa a lokacin, waɗanda dominsu ake wannan faɗa, ko mutum ɗaya bai tsaya ya ba da shaida a gefensa ba. Wannan shi ne wurin da ya fi taɓa ni a labarin duka. Ba na zaginsu. Kowannensu na da iyali, kuma kowa ya san wanda ya leƙa kotun nan, gobe ana iya wayar gari an sayar da shi. Tsoro ne irin na mai neman abinci, mun san shi. Amma ku auna yadda mutum zai ji, ya waiga a ɗakin shari'a bai ga fuskar ko ɗaya daga cikin waɗanda suka yi shekaru suna cin abinci tare ba.

Ya faɗi a kotun farko, ya faɗi a ta ɗaukaka ƙara. Ranar 19 ga Yuni 1972 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka ƙi shi, uku suka goyi bayansa. Na tara, Lewis Powell, ya janye saboda yana da hannun jari a kamfanin Busch. Shari'a saɓanin hankali, in ji Hausawa. Alƙali Harry Blackmun, wanda ya rubuta hukuncin, ya buɗe shi da yabon wasan, har da jera sunayen mashahuran besbol 88. Sannan ya amsa cewa besbol ciniki ne tsakanin jihohi, ya amsa cewa gatan da aka yi masa bambaraƙwai ne tunda ba a yi wa dambe da sauran wasanni ba, amma ya ce an daɗe a haka, gyara sai majalisa. Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun, yana cikin ukun da suka ƙi yarda. William Douglas kuma ya rubuta cewa yana nadamar goyon bayan da ya ba hukuncin 1953.

Kafin wannan rana Flood ya riga ya karye. Bai buga kakar 1970 ba. A 1971 ƙungiyar Senators ta Washinton ta ɗauke shi a kan dala 110,000, bisa yarjejeniyar cewa hakan ba zai shafi ƙarar ba. Wasa 13 kawai ya buga. Jiki ya yi nauyi, bashi ya yi masa katutu, giya ta kama shi. A watan Afrilu ya hau jirgi ya bar ƙasar, ya ƙare a tsibirin Mayorka na Sifaniya yana riƙe da mashaya. Ba zan ɓoye wannan ɓangare ba. Mutum ne mai rauni kamar kowa, ya bar iyali cikin wahala, ya yi shekaru kafin ya rabu da kwalba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Turken kuwa ta wata hanya aka tumɓuke shi. A 1970, ana tsaka da hayaniyar ƙarar, Miller ya samu masu kulob sun yarda cewa in saɓani ya taso a kan kwantiragi, mai sasantawa mai zaman kansa ne zai yanke, ba kwamishinan da su suka naɗa ba. A 1973 aka amince cewa wanda ya shekara goma a manyan ƙungiyoyi, biyar na ƙarshe a kulob ɗaya, ba za a sayar da shi ba sai da yardarsa. Da wannan doka na nan a 1969, da Flood ya ce a'a magana ta ƙare. A 1974 mai sasantawa Peter Seitz ya saki Catfish Hunter saboda mai ƙungiyar Oakland ya saɓa alkawarin biya, Yankees suka ɗauke shi a kan sama da dala miliyan 3 na shekara biyar. A ranar ce 'yan wasa suka ga ainihin farashinsu a kasuwa. Sai Andy Messersmith da Dave McNally suka shiga kakar 1975 ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, suka ce shekara ɗayan da takarda ta ambata ta cika. Ranar 23 ga Disamba 1975 Seitz ya ce shekara ɗaya, shekara ɗaya ce. Nan take masu kulob suka sallame shi daga aiki, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1976 aka daidaita cewa bayan shekara shida ɗan wasa na da 'yancin zuwa inda ya so.

Akwai masana da ke cewa, tunda Flood ya faɗi a kotu, Miller da Seitz ne suka yi aikin. Ta fuskar doka suna da gaskiya. Amma ni ina ganin ba a iya raba su. 'Yan wasan da suka tafi yajin aiki na kwana 13 a Afrilun 1972, na farko irinsa a tarihin wasan, mutane ne da suka shekara biyu suna kallon ɗan uwansu ya ajiye albashin da ya fi na mafi yawansu saboda magana ɗaya. Kafin shi, yawancinsu sun ɗauka turken nan wani ɓangare ne na wasan, kamar gora da ƙwallo. Shi ya sa suka fara tambaya.

Masu kallon ƙwallon ƙafa za su tuna da Jean-Marc Bosman na Beljiyam. Kwantiraginsa da kulob ɗin Liège ya ƙare a 1990, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, aka hana shi, aka zaftare masa albashi. Ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Shari'arsa daban ce, dokar ma daban, kuma shi ya ci nasara. Amma sakamakon a jikinsa iri ɗaya ne: ƙwallonsa ta ƙare, ya faɗa talauci da shaye-shaye, waɗanda suka zo bayansa, har da 'ya'yanmu da ke buga wasa a Turai, suka kwashi garaɓasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Flood ya koma Amurka, ya daina shan giya, ya sake aure a 1986, ya yi aikin koyar da yara wasa a Oakland. A 1994, lokacin wani dogon yajin aiki, ya yi wa 'yan wasa jawabi, suka miƙe tsaye suna tafa masa. Sankarar maƙogwaro ta yi ajalinsa ranar 20 ga Janairu 1997, yana da shekara 59. Shekara guda bayan haka majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta sa wa sunansa, wadda ta ce dokar hana babakere ta shafi hulɗar aiki tsakanin manyan ƙungiyoyi da 'yan wasansu. A Disamba 2023 Shohei Ohtani, ɗan Japan, ya zaɓi ƙungiyar Dodgers da kansa a kan dala miliyan 700 na shekara goma.

A garin Cooperstown na jihar New York akwai zauren da ake karrama manyan besbol. An zaɓi Bowie Kuhn, wanda ya ƙi amsa roƙon wasiƙar nan, a 2007. An zaɓi Marvin Miller a 2019, shekara bakwai bayan mutuwarsa. A 2020 'yan majalisar dokoki sama da ɗari suka sa hannu a takarda suna roƙon a sa Flood. A Disamba 2024 aka zaɓi Dick Allen, wanda aka yi musayarsa da shi, kuma ya cancanta. A wannan zaɓen ma ba a kira sunan Curt Flood ba, kuma a ganina wannan bashi ne da ke wuyan masu zaɓen.

Shugaban taro, nan zan dakata, don a samu lokacin tambayoyi.